Farin Yadin Gidan Kashiwaya

Wata na tara, ran huɗu, da hantsi

Bindigogi sun yi shiru tun jiya da yamma. Na buɗe shago.

Matata Omasu ta ce, "Maigida, wa zai sayi yadi yau? Garin nan ko kare ba ya haushi." Na ce mata ba don masu saye kaɗai ake buɗe shagon Kashiwaya ba, don mutane su wuce su ga a buɗe yake. Kakana ya buɗe shi ranar da kogi ya cinye rabin kasuwa. Ubana ya buɗe shi a shekarar yunwa. Ni Rihei ba zan zama na farkon da ya bar labulen ƙofa a naɗe ba don wasu samari sun taso daga yamma da bindigogin Turawa. Na rataya labulen da hannuna, na share ƙofa, na zauna.

Sojojin sarkinmu sun sha kashi a gada. Waɗanda suka tsira sun yi arewa. Abin da aka sani ke nan, sauran duk zancen bakin rijiya ne.

Inosuke, mijin 'yata Otose, ya wuni yana jera bandir-bandir ɗin yadi waɗanda dama a jere suke. Ni na ɗauko shi daga wani shago a birni, na aura masa 'yata, na sa shi a takardar gidan nan, rajistar iyali da ke wajen mai gari, don ya gaje ni. Har yau in na yi tari sai ya zabura. Mutumin da in ya ga kyankyaso sai ya kira matarsa.

A wajen cin abinci ba wanda ya ambaci sunan kowa.

Ran biyar, da tsakar rana

Sojojin yamma sun shigo gari, sun sauka a gidan mai gari. Sun kafa allo a bakin gada: duk wanda ya taɓa gawar ɗan tawaye, ko ya lulluɓe ta, ko ya binne ta, hukuncinsa hukuncin ɗan tawaye. 'Yan tawaye! Shekaranjiya su ne sojojin sarki, muna zubewa a gefen hanya in za su wuce.

Maƙwabcina Tahei mai man fitila ne ya kawo labarin allon, yana haki kamar shi ya rubuta. Ya ce, "Suna nan zube a kan yashi, Rihei, kamar kifin da ruwa ya janye ya bari. Hankaki har sun fara..." Sai ya hangi Omasu a bayan labulen ciki, ya haɗiye sauran.

Na ce, "In mai ka kawo, ajiye. In baki ka kawo, muna da namu."

Na haifi ɗa namiji guda ɗaya. Ya ce awon yadi aikin mata ne, shi takobi yake so. Ranar da ya bi masu ɗaukar soja na je gaban mai gari na ce ba ni da ɗa, aka goge shi daga takarda. Magana ta ƙare a nan. Ba zan sake taɓo ta ba.

Ran shida, da yamma

Iska ta juyo daga wajen kogi. Mun rufe tagogin baya. Omasu ta ƙona turare har idona ya yi ruwa. Turaren ne.

Ran bakwai, da hantsi

Na buɗe shago. Ba wanda ya shigo.

Omasu ba ta ci komai ba tun jiya. Ta zauna a baranda tana ferar kanya don shanya, sai ta riƙe ɗaya ta yi ta fere ta har ta kai ga ƙwallon, ta ajiye, ta ɗauki wata. Otose ta ce, "Inna, kawo in taya ki." Ta ce, "Ke zauna da cikinki." Cikin Otose ya tsufa, da ƙyar take sunkuyawa.

Ni na ci nawa abincin duka. Dole wani ya ci a gidan nan.

Ran takwas, da safe

Inosuke ya zo ya durƙusa a gabana, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon tabarma.

"Baba, farin yadin nan na cikin sito. Na ga kamar danshi zai taɓa shi."

"Danshi? A siton Kashiwaya?"

"Na ce ko a fitar da shi ya sha iska."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya ɗago ya dube ni. Tunda ya shigo gidan nan bai taɓa kallon tsakiyar idona ba sai yau. Bai sauke ido ba.

Na ce masa ba ni da lokacin shirme, wajen wanzami zan je. Igiyar mabuɗin sito ta dame ni a wuya saboda zafi, sai na cire na ajiye a kan tebur. Omasu ta ce, "Zafi, a wata na tara?" Na ce jikina ne ko nata?

Ran takwas, faɗuwar rana

Zan rubuta yadda aka yi, don nan gaba kowa zai faɗa yadda ya ga dama.

Bai yi a ɓoye ba. Ya loda farin yadi a amalanke, ya ɗora magirbi da shebur a sama, ya tura ta tsakiyar kasuwa rana tsaka. Wanzami na cikin aske mini goshi ya tsaya da aska a sama ya ce, "Ba surukinka ba ne wancan? Ina zai kai kaya yau?" Na ce ya gama aikinsa.

Ya wuce allon bai ko kalle shi ba, ya gangara yashi. An ce da ya isa sai da ya yi amai sau biyu, sannan ya ɗaure hanci da ƙyalle ya fara. Tsohon malamin haikali ya sauko da sandarsa ya tsaya yana karatu. Masu fito su biyu suka bar kwale-kwalensu suka kama masa. Suna naɗewa, suna ɗorawa a amalanke, suna haurawa da su tudun bayan haikali. Sojojin da ke gadin gada da farko dariya suke yi, suna cewa ku zo ku ga mai shago ya samu masu saye waɗanda ba sa taya kaya. Da suka ga yashi na raguwa, sai ɗaya ya ruga ya kira babbansu.

Kafin su zo an kusa gamawa. Suka tambayi wa ya sa. Masu fito sun ce Inosuke ya matso gaba, ya ce, "Yadin nawa ne, amalanken nawa ne, waɗannan kuwa ni na kira su. Ba su iya karatu ba, ba su san abin da ke allo ba."

Ta ƙofar shago suka wuce da shi, ɗaure da igiya, laka har ƙugu. Da ya zo daidai labule sai ya tsaya ya sunkuyar da kai, suka fizge shi. Otose ta fita da gudu ba takalmi. Ni ban tashi ba. Mai shago ba ya barin shago ba kowa.

Shayi ya zube mini daga kofi. Kofin nan dama bakinsa a karkace yake.

Ran tara, da safe

Na buɗe shago.

Ran goma, da yamma

A rumbun shinkafar mai gari suke tsare da shi. Otose ta kai curin shinkafa da busasshen kifi. Masu gadi suka karɓa suka cinye a gabanta, ɗaya har da cewa gishiri ya yi kaɗan. Ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, gobe zan ƙara gishirin, in yi biyu. In sun ƙoshi ai za su miƙa masa saura." Jinina ce wannan.

Omasu ta tare ni a kicin. "Kai ka ajiye masa mabuɗin."

"Na manta da shi ne."

"Tunda na aure ka ko wanka za ka yi da shi kake shiga."

"To tsufa ya zo."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Ya ce maka ya gan shi?"

Na ce ban san wanda take nufi ba, kuma miya na ƙonewa.

Ran goma sha biyu, da hantsi

Mai gari ya zo da kansa, Tahei na biye da shi kamar jela. Na sa aka kawo shayi mai kyau, na ba su matashin baƙi.

Mai gari ya yi ta kewaye-kewaye: sanyi ya matso, girbi bai yi daɗi ba. Can ya ce, "Rihei, ni da kai tare muka tashi. Mutanen nan sun ce za su kwashe kayan shagon, su sauke labulen, su rufe gidan. Amma akwai hanya. Yaron nan ba jininka ba ne. Ka mayar da shi ga danginsa, a raba auren, a goge shi daga takarda. In ya zama baƙo, laifinsa nasa ne shi kaɗai."

Tahei ya ce, "Rubutu ne kaɗan, kafin shayin nan ya huce an gama. Otose yarinya ce, in ta sauka lafiya ai mazaje ba su ƙare ba. Ni kaina ina da ɗan ƙanena..."

Na ce, "Wanda ya ƙone rumfarku da fitilar da yake sayarwa?"

"Kai dai ba a yi maka alheri!"

Mai gari ya ce, "Shekarun kakanka da na ubanka da naka ne a gidan nan, Rihei. Za ka zubar da su saboda mutumin da kai da bakinka kake kira ɓeran sito?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa zuwa gabanka na cire ɗa daga gidana. Mutum ba ya yin wannan sau biyu."

Na ƙara musu shayi. Mai gari bai sha ba, ya tashi. A bakin ƙofa ya ce in sake tunani. Na ce ya kula da dokin ƙofa, yana da tsayi.

Da na juyo, Otose na tsaye a bayan labule da tire a hannu. Ta ajiye tiren, ta durƙusa da wannan cikin nata, ta kai goshi ƙasa. Na ce ta tashi kafin ta haifa mini jika a kan kayan mutane.

Ran goma sha uku, da safe

Na buɗe shago. Matan da suka saba shigowa yanzu ɗaya gefen titi suke bi, suna kallon takalmansu. Na san awon kafaɗar kowace a cikinsu, da ta 'ya'yanta. Su wuce.

Ran goma sha huɗu, da yamma

Sun zo.

Babbansu yaro ne, bai kai Inosuke ba, da baƙar riga irin ta Turawa da maganar yamma wadda sai ka kasa kunne. Ya shigo da takalmi a kan tabarma. Na dubi takalmin har sai da shi ma ya duba. Bai cire ba, amma ya koma bakin dakali ya zauna.

Suka fara kwasa: shuɗi mai duhu na masaƙan kan tudu, mai ratsi, siliki ɗan kaɗan da nake ajiye wa amare. Wani ya jawo bandir a ƙasa kamar akuya. Na ce, "Kai, yaro! A kafaɗa ake ɗauka. Wata tsohuwa ta yi damina guda tana saƙa wannan." Ya dubi babbansu, sannan ya ɗora a kafaɗa.

Babban ya ce, "Tsoho, ka san abin da surukinka ya yi?"

Na ce, "Ɗana ne, ranka ya daɗe. A takarda da kuma a gidan nan."

"Ya ce sata ya yi. Wai mabuɗin ya sace kana wajen aski."

"Ƙarya yake yi, kuma bai iya ba. A Kashiwaya ko tsumma ba ya fita sai da sanina."

Omasu ta yi wani ƙara a ciki kamar an taka kyanwa.

Ya ce, "Igiya kake nema wa kanka?"

Na ce, "Wuyan ya tsufa, ba zai ba ku wahala ba. Amma tunda ka tambaya: mutanen nan da ke yashi, da rai suna gaba da ku. Yanzu da wa suke gaba? Mu nan muna shan ruwan kogin."

Ya daɗe yana kallona. Ban san abin da ya gani ba. Ya tashi ya ce wa yaransa su tafi. Labulen ƙofa ba su taɓa ba, ko mantawa suka yi ko me, oho.

Kantoci sun zama fayau. Ban taɓa sanin katakon bayansu ja ne ba.

Ran goma sha biyar, da hantsi

Na buɗe shago. Abin da ya rage: zare, allurai, da sandar awo.

Tahei ya leƙo ya ce, "Me kake sayarwa yau, iska?" Na ce e, kuma ta fi man fitilarsa tsabta.

Tsohuwa mai awara ta ƙarshen layi ta shigo, ita ce ta farko tun ranar. Ta sayi zare fari. Idonta ba ya ganin ramin allura tun kafin a haifi Otose. Da za ta fita ta ajiye awara biyu a kan dakali ta ce, "Na mai ciki ne." Jikanta ma ya bi masu ɗaukar soja.

Ran goma sha shida, da tsakar rana

Mai awara ta sake sayen zare.

Ran goma sha bakwai, da yamma

Dabarar Otose ta ci. Masu gadi sun saba da abincinta, yau ɗaya ya juya baya ya ce ta yi sauri. Ta gan shi ta tsakanin katako.

Ta dawo ta zauna a gabanmu, ni da uwarta. Na ce, "Yaya yake?" Ta ce yana da rai. Na ce hannu da ƙafa fa? Ta ce yana da rai, Baba. Ban ƙara tambaya ba.

Sai ta juya wajen uwarta. "Inna, ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya miki ya same shi. Can kusa da ƙafar gada, gaba da kowa. Ya wanke masa fuska da ruwan kogi, ya gyara masa gashi. Ya naɗe shi da mafi laushin yadin, ya kwantar da shi shi kaɗai a gindin itacen al'ul na bayan haikali, ya sa farin dutse don a gane."

Omasu ta kife a kan tabarma. Kukan da ta riƙe tun ranar gada ya fito gaba ɗaya, har na tabbata Tahei na ji ta bango. Ya ji.

Otose ta dube ni. "Ya ce in gaya maka kai kuma, raunin a ƙirji yake."

Na ce na ji.

A ƙirji. Ba a baya ba.

Daga baya Omasu ta tashi ta wanke fuska, ta ɗora shinkafa, ta zuba a ƙaramin kwano ta kai ɗan teburin da muke ajiye wa kakanni da suka rasu, sannan ta ci kwano biyu. Ni ne yau na bar nawa a kwano.

Ran goma sha takwas, da asuba

Shinzo. Ɗana. Sunansa Shinzo.

Ran goma sha tara, da yamma

Sojoji za su tashi su bi yaƙi arewa. Wanzami ya ce ba sa tafiya da fursuna, kuma ba sa barinsu a baya. Ya faɗa yana kallon askarsa.

Otose ta ji. Ta ci gaba da dunƙula shinkafa, tana dunƙulawa har curin ya yi tauri kamar dutse.

Ran ashirin, faɗuwar rana

Yau Omasu ce ta zauna a shago. Ba a rufe ba.

Na sa rigar ubana mai tambarin gida, na tafi ƙofar gidan mai gari inda babbansu yake. Abin da na yi a can da abin da na faɗa ba na takarda ba ne. Na daɗe. An yi yayyafi.

Ban je da kowa ba, amma da na ɗago kai sai na ga tsohon malamin haikali a damana, masu fito a bayansa, mai awara da sandarta, da wasu mata daga cikin masu bin ɗaya gefen titi. A can ƙarshe, da goshinsa a cikin taɓo da ƙaton gindinsa a sama, Tahei.

Babban bai fito ba. Wani ya leƙo ya ce mu watse.

A hanya na ce wa Tahei, "Me ya kawo ka?" Ya ce, "Wucewa nake, santsi ya kwashe ni." Na ce santsin ya daɗe da shi a ƙasa. Ya ce, "In suka kashe yaron nan, da wa zan riƙa yi maka gori?"

Gwiwoyin rigar sun ɓaci, gabanta ma. Omasu ta karɓa ta wanke, ba ta tambaya ba.

Ran ashirin da ɗaya, da safe

Na buɗe shago. Shiru.

Ran ashirin da biyu, da safe

Raɓa ta daskare a kan rufin sito. Shiru. Otose ta kai abinci, an karɓa. In an karɓa ai akwai mai ci.

Ran ashirin da uku, da yamma

Da hantsi aka ji ganguna, suka fita ta gada. Kafin ƙurarsu ta kwanta mai gari ya aiko: a zo da abin ɗauka.

Ban tambayi ɗan aiken ko abin ɗaukar mai rai ne ko na gawa ba. Na cire ƙyauren sito, masu fito suka ɗauka, Tahei ya biyo mu. Rigar ubana ba ta gama bushewa ba, na sa ta haka.

Yana kwance a kan buhunan banza, ƙofar rumbun a buɗe, ba mai gadi. Ba wanda ya san dalili. Wasu sun ce umarni ne ya zo daga sama, wasu sun ce babban ne ya ce a bar shi, wasu sun ce harsashi suke tattali. Allon bakin gada ma babu shi. Ban damu in sani ba.

Fuskarsa sai da na duba sau biyu. Hannunsa na dama an naɗe da tsumma, yatsun ba su kalli gefe ɗaya ba. Ya buɗe ido ɗaya ya gan ni, sai ya fara ƙoƙarin tashi ya durƙusa. Na dafa shi.

Mai gari ya ce, "Ku bi da shi ta lungun bayan marina, kada a tara jama'a."

Na ce, "Ta kasuwa ya tafi, ta kasuwa zai dawo."

Na shiga gaba. Na ce wa masu ɗauka kada wanda ya yi sauri. Wanzami ya fito da mutum rabin aski a bayansa. Mai shinkafa ya fito, maƙeri ya ajiye guduma, mata suka fito da hannu jiƙe. Muna isowa daidai kowane shago sai mai shi ya sunkuya, irin sunkuyon da a da sai masu takobi ake yi wa.

Na ji murya daga bayana. "Baba... kayan shago... an ce sun kwashe. Ku yafe ni."

Na ce, "Rufe bakinka. Ɗaga kanka, mutane na gaishe ka."

Tahei da ke riƙe da kusurwa ɗaya ya ce, "Rihei, hannuna zai cire, ka ɗan ɗaga ƙafa mana!" Na rage tafiya.

Otose na tsaye a ƙarƙashin labule. Omasu ce ta riga ta isa. Ta kama hannunsa mai lafiya ta ɗora a goshinta, ta ƙi saki, har muka shiga da su haka.

Ran ashirin da biyar, da tsakar rana

Mai ɗori ya zo. Ya ce ƙafa za ta warke, haƙarƙari ma. Yatsu uku ba za su sake lanƙwasawa ba. Inosuke bai yi ihu ba da ake ja. Da aka gama wani kyankyaso ya fito daga ƙarƙashin tabarma, ya ce, "Otose! Otose!"

Na fita baranda don kada su ga fuskata.

Ran ashirin da bakwai, da hantsi

Ni da Omasu mun hau tudun bayan haikali. Farin dutsen na nan. Wani ya riga mu, ya share wurin duka ya zuba ruwa. Omasu ta ajiye busasshiyar kanya, tana ta yi masa hira kamar yana zaune. Ni na tsaya. Da za mu sauko na ce masa abu ɗaya. Tsakanina da shi ne.

Wata na goma, ran biyu, da yamma

Masaƙan kan tudu sun sauko jiya da kaya a baya, ba wanda ya aika musu. Shugabarsu ta ce sun ji kantocinmu sun yi sanyi. Ba yawa, amma shuɗi ne na gaske.

Da safe Inosuke ya rarrafo shago da sanda. Ya ɗauki almakashi, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Ya zauna yana kallon hannun. Ya ce, "Baba, mai shagon yadi da ba ya iya yanka, me amfaninsa?"

Na tashi daga kan matashina na ce ya hau. Ya ce a'a. Na ce ba shawara nake nema ba. Na ce masa mai zama a nan ba ya yanka, kallo yake yi yana faɗin farashi, masu yanka suna ƙasa. Na sauko ƙasa na ɗauki almakashin. Rabona da zama a wurin nan tun ubana na da rai. Gwiwoyina sun faɗa mini.

Matar maƙeri ta shigo tana son shuɗi na rigar sanyi. Ta shafa, ta ɗaga wa haske, ta juyo wajena ta ce, "Nawa, Rihei?"

Na nuna mata sama da haɓa. "Tambayi maigidan."

Ta dube ni, ta dube shi. Inosuke ya yi ja har kunne. Ya yi gyaran murya, ya faɗi farashi.

Ya yi araha. Araha ƙwarai. Kakana da ya ji da ya tashi zaune a kabari. Na buɗe baki.

Na rufe. Na auna, na yanka.